Daga Hunturu Zuwa Damina: Kundin Sabuwar Ma'aikaciyar Jinya a Zariya

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau na kama aiki. Na fito daga gidanmu da ke cikin birni tun ƙarfe bakwai saura, hazo ya lulluɓe gari har ba a hango Ƙofar Doka sosai daga inda na tsaya jiran abin hawa, ga fararen kayana a ninke cikin leda don kada ƙurar hunturu ta sauya musu kama kafin in isa. Shekara uku na yi a makarantar koyon jinya, na zauna jarrabawar Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Allah ya ba ni sa'a, na karɓi lambar rajista da lasisin da ake sabuntawa duk bayan shekara uku, amma da na tsaya a ƙofar sashen mata sai na ji gabana yana faɗuwa kamar ranar da aka fara kai mu asibiti muna 'yan aji ɗaya. A wancan lokaci akwai wadda take tsaye a bayana, idan na yi kuskure ita za a tuhuma, yanzu kuwa sa hannuna ne zai zauna a takarda.

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa bin sawun kaina, kuma na sa wa kaina buri guda: kafin damina ta ɗauke, in kai matsayin da za a iya bar mini ɗakin marasa lafiya da dare, in kuma miƙa shi da safe ba tare da na bar wani abu a duhu ba. Ba zan ambaci sunan mara lafiya ko abokin aiki ba, domin sirrin wanda ya kwanta a gabanka amana ne.

Matiron, wato shugabar ma'aikatan jinya ta sashen, ta zagaya da ni, ta nuna mini akwatin magunguna da littafin da ake rubuta duk abin da ya fita daga cikinsa, da inda tulun oksijin yake, da kwalin zubar da allurai. Gadaje 24 ne a ɗakin, 21 da mutane a kai. Aiki kashi uku ne, na safe da na yamma da na dare, kuma ba za a saka ni a na dare ba sai na yi wata guda. Da za ta sallame ni sai ta riƙe biron da ke aljihuna ta ce, "'Yata, kada hannunki ya rubuta abin da idonki bai gani ba." Na ce, "To, Matiron, in Allah ya yarda."

Juma'a, 10 ga Janairu, 2025

Mako guda ke nan aikina shi ne awo: zafin jiki, bugun jijiya, numfashi da hawan jini na kowa da ke ɗakin. Ranar farko sai da na cinye kusan awa biyu, har likitoci suka shigo zagaye ban kai gado na goma sha biyar ba. Yau na gama a cikin minti 70.

Wurin da na fi lura da shi shi ne layin numfashi. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma da yake ba na'ura ce ke ƙidaya shi ba, sai an tsaya an zuba wa ƙirji ido ana kallon agogo, shi ne awon da ya fi sauƙin cikewa da ka. Tun muna ɗalibai na san ana samun takardun da za ka ga 20 a jere daga sama har ƙasa kamar an buga da hatimi. Alhali kuwa numfashi yakan riga sauran awo nuna cewa jiki ya fara rikicewa. Yau sau biyu zuciyata ta raya mini in rubuta 20 in wuce, saboda matar tana zaune tana hira da 'yarta, amma na daure na riƙe hannunta kamar ina jin bugun jijiya, domin idan mutum ya san ana ƙidaya numfashinsa yakan sauya shi, na ƙirga minti guda cur. Na farko 18 ne, na biyu kuwa, na wata mata da aka kwantar saboda kumburin ƙafa, 27 ne. Na gaya wa babbar Sista, ta kira likita, aka ɗaga mata kan gado aka sauya magani.

Alhamis, 23 ga Janairu, 2025

Sa kanula, wato 'yar siririyar robar da ake sakawa a jijiya domin ƙarin ruwa ko magani, yana ba ni wuya. Cikin goma sha ɗaya da na gwada a makonnin nan biyu, shida na samu a karon farko, uku a karo na biyu, biyu kuwa sai da na kira wata. Dokar da aka ba ni ita ce idan na soka sau biyu ban samu ba, in tsaya in nemi hannu, kuma na ga hikimarta, domin jijiyar da ka fasa ka rage wa wanda zai zo bayanka wurin nema. Sanyin nan ma yana ƙara abin, jijiyoyi sun shige, musamman a tsofaffi da waɗanda gudawa ta ƙarar musu da ruwan jiki. Wata Sista da ta shekara sama da ashirin a aiki ta nuna mini yadda take sa mai jinya ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a nannaɗe hannun na ɗan lokaci, a saukar da shi ƙasa da gado, sannan ta nemi jijiyar da yatsa maimakon da ido.

Lissafin ƙarin ruwa kuwa ya fara zama mini jiki. Robar da muke amfani da ita ɗigo 20 ne ke ba da mililita ɗaya, don haka ledar ruwa mai mililita 500 da likita ya ce ta ƙare a awa takwas tana bukatar ɗigo 21 a minti, idan kuma a awa huɗu ne, ɗigo 42. Abin da littafi bai faɗa ba shi ne da zarar ka juya baya mara lafiya ta lanƙwashe hannu ruwan ya tsaya, ko kuma mai jinya ta ga yana tafiya a hankali ta murɗa shi da kanta don a gama da wuri. Ga mai ciwon zuciya ko na ƙoda wannan murɗawar tana iya cika huhu da ruwa. Yanzu duk ledar da na rataya sai na tsaya na yi wa mai jinya bayanin dalilin da ya sa ba a son a taɓa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, 2025

Akwai wata dattijuwa a gado na bakwai da hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, an kawo ta daga wani ƙauye a wajen Giwa, kuma yau kwananta 16. Ita ce ta koya mini abin da ake nufi da jinya ta asali. Wanda ba ya iya motsa kansa dole a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba nauyin jiki yana toshe jini a inda ƙashi ya tokare fata, wato ƙugu da gindin baya da dunduniya, wurin ya yi ja, ya sale, ya zama gyambon da zai iya ɗaukar watanni bai warke ba. Mu biyu ne ko uku a kan mutum ashirin da wani abu, saboda haka ba yadda za a yi aikin nan ya yiwu ba tare da masu jinya ba.

Da farko ina kallon masu jinya a matsayin cunkoso, da tabarmi da kwanuka da fulas a ƙarƙashin gado. Yanzu na gane cewa su ne rabin ma'aikatan ɗakin. Surukar dattijuwar nan ba ta yi boko ba, amma da na nuna mata sau biyu yadda ake naɗe hannun da ya mutu a kan ƙirji, a lanƙwasa gwiwa, a mirgina jiki gaba ɗaya a sa matashi tsakanin ƙafafu, sai ta fi ni iyawa. Na zana mata agogo a bayan kwali, na yi alama a kan lokutan juyi, ita kuma ta ce, "Sista, ki bar ni da kiran salla, ya fi mini agogon nan." Muka zauna muka tsara juyin a kan asuba da hantsi da azahar da la'asar da magariba da lisha, muka cike tsakaninsu. Har yau bayan Inna lafiya lau yake, ko ja bai yi ba.

Wannan ya sa na sake duba yadda muke faɗa wa mutane shan magani. "Sau uku a rana" a wurinmu yana nufin duk bayan awa takwas, amma mutum yakan koma gida ya sha da safe da rana da yamma a cikin awa goma, sauran awa goma sha huɗu babu komai a jininsa. Ni da na tashi da Hausa a bakina ba ni da uzurin barin mutum ya tafi bai fahimta ba.

Talata, 18 ga Fabrairu, 2025

Na daɗe ina juya biro kafin in rubuta abin da ya faru daren jiya, amma idan na tsallake shi kundin nan ba shi da amfani.

Darena na huɗu ke nan. Akwai mata biyu a ɗakin masu suna ɗaya, sunan mahaifi ma ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar nan, ɗaya a gado na huɗu mai ciwon sukari, ɗaya a gado na goma sha huɗu mai ciwon huhu. Wajen ƙarfe shida na asuba, bayan an ɗauke wuta ina aiki da tocila, na zuƙi insulin, allurar saukar da sukari ta mai gado na huɗu, na nufi gado na goma sha huɗu, na kira sunan, matar ta amsa cikin barci ta miƙo hannu. Har na goge wurin da auduga sai 'yarta da ke kwance a tabarma ta ɗago kai ta ce, "Sista, ai Mama ba a yi mata irin wannan ƙaramar allurar." Na tsaya cak. Na koma na haska fayil, na ga lambar asibiti ba ita ba ce. Da allurar nan ta shiga jikin matar da ba ta da ciwon sukari kuma ba ta ci komai ba tun daren jiya, sukarinta zai faɗi tana barci, kowa yana zaton barci take yi.

Na san ƙa'idar tun aji ɗaya: a tabbatar da mara lafiya, da magani, da adadi, da hanyar bayarwa, da lokaci. Na haddace ta, na rubuta ta a jarrabawa, amma na tabbatar da mara lafiya da suna kawai, ga gajiya, ga duhu, ga huɗu da goma sha huɗu sun haɗu a kaina. Ba wanda ya gani sai yarinyar, kuma da na yi shiru da maganar ta mutu a nan. Na yi ta kokawa da zuciyata har gari ya waye, sannan a wurin miƙa aiki na faɗa a gaban kowa, muryata tana rawa. Babbar Sista ba ta yi mini tsawa ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta sa na rubuta rahoton abin da ya faru, ta sa aka raba matan biyu zuwa ƙarshen ɗaki da ƙarshen ɗaki, aka manna jan tef a fayil ɗinsu. Daga baya ta ce da ni, "Da kin ɓoye, da wata ce za ta faɗa ramin gobe." Na koma wurin yarinyar na yi mata godiya, na ce duk abin da ta gani bai yi mata daidai ba ta riƙa magana, ko wane ne ya zo da farin kaya.

Daga yau ba na kiran suna in jira a amsa. Ina tambayar mara lafiya ta faɗi sunanta da bakinta, in haɗa da lambar fayil, kuma fayil ɗin yana hannuna har bakin gado.

Talata, 4 ga Maris, 2025

Azumi ya kwana huɗu, ga zafi ya fara sauka. Da hantsi ina awo na tarar da wata Hajiya mai ciwon sukari ta jiƙe da gumi, hannunta yana karkarwa, tana amsa gaisuwa da ƙyar, alhali ɗazu da safe ta tsokane ni a kan yaushe za a sha bikina. Na soki yatsarta, na'ura ta nuna 2.8, kuma duk abin da ya gaza 3.9 a ma'aunin milimol ya faɗi ƙasa. Da yake tana iya haɗiya, na dama sukari a ruwa na kai bakinta, sai ta kawar da kai. A nan ne na gane cewa ta ɗauki azumi a ɓoye, ta karɓi allurar safe, kunun da aka kawo mata kuma ta tura ƙarƙashin gado.

Na durƙusa kusa da kunnenta na ce, "Hajiya, Allah da ya wajabta azumi shi ne ya ɗauke wa mara lafiya a cikin Suratul Baƙara, ya ce a rama a wasu kwanaki. Ki sha, don Allah." Ta yi hawaye, ta sha. Bayan minti 15 na sake aunawa ya hau 4.6, na ba ta abinci, na rubuta lokaci da adadi, na sanar da likita. Da yamma ɗanta ya zo da wani malami na unguwarsu ya ƙara yi mata bayani, kuma na ga maganarsa ta fi tawa zama a ranta, abin da bai dame ni ba ko kaɗan tunda bukata ta biya. Tun daga lokacin duk mai karɓar insulin ko ƙwayar sukari sai na tambaye ta a keɓe ko tana azumi, kuma sai na ga abinci a gabanta kafin in yi allurar.

Laraba, 19 ga Maris, 2025

Inna ta gado na bakwai ta rasu yau da ƙarfe 3:40 na rana, a hannuna da na surukarta. Kwana uku ke nan numfashinta ya sauya, ƙirji ya cika, likitoci suka ce huhu ya kamu, aka yi abin da za a iya yi. Da na ga alamun tafiya na ja labule, surukar tana laƙƙana mata kalmar shahada, ni kuma ina riƙe da hannun da muka yi wata biyu muna naɗewa a kan ƙirji. Likita ya zo ya tabbatar, na rufe mata ido, na ɗaure haɓa, na cire kanula da robar fitsari, na miƙar da gaɓoɓi. Da muka juya ta domin mu gyara shimfiɗa sai surukar ta shafa bayanta ta ce, "Sista, kin gani, ko ƙwarzane babu." A nan ne kuka ya ƙwace mini.

Ita ce mutum ta farko da ta rasu a ƙarƙashin kulawata tun da na zama ma'aikaciya. Minti ashirin bayan haka lokacin maganin ƙarfe huɗu ya yi, mutum ashirin suna jira, na wanke fuska na tura keken magani. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

A wannan makon kuma an tara mu an ja mana kunne a kan cututtukan bazara, sanƙarau da zazzaɓin Lassa. Cutar Lassa an fara gano ta ne a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma ma'aikatan jinya ne farkon waɗanda aka san ta kashe. Ɓera ne ke yaɗa ta, amma a asibiti jini da sauran ruwan jikin mara lafiya ne hanyarta, don haka zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya ba a tunkararsa da hannu tsirara. Na karɓi allura ta biyu ta rigakafin ciwon hanta nau'in B, saura ta uku a wata na shida da fara ta farko.

Lahadi, 30 ga Maris, 2025

Sallar farko da na yi ba a gida ba. Ina aikin safe, ban je idi ba, ban ga hawan Sarkin Zazzau ba, sai dai labari a bakin masu kawo abinci. Masu jinya sun cika mana tebur da tuwon shinkafa da cincin. Ɗakin ya ragu zuwa mutum 13 saboda da yawa sun roƙi sallama kafin Salla, kuma ina fargabar wasu za su dawo.

Talata, 22 ga Afrilu, 2025

Matiron ta zauna da ni ta duba wata ukun farko. Kanula yanzu ina samun takwas cikin goma a karon farko, awo da rubutu ba ta sami abin gyara ba, amma ta ce miƙa aikina yana da tsawo kuma ba shi da kai: ina ba da labarin kowa daga gado na ɗaya zuwa na ƙarshe da murya ɗaya, har wanda ke karɓa ya kasa gane wace ce ke bakin haɗari. Gaskiya ta faɗa. Ta ce in riƙa farawa da waɗanda suka fi tsanani, a kowace in faɗi halin da take ciki, da abin da ya kawo ta, da abin da na gani, da abin da nake so a yi. Ina gwada hakan a gida, ƙanwata tana zama a matsayin mai karɓar aiki.

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Yau Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, wadda ake yi a ranar haihuwar Florence Nightingale, da aka haifa a 1820. An yi ɗan taro, amma ni ranar ta zo daidai da komawata sashen yara na gaggawa, inda na sake zama baƙuwa. Duk lambobin da na saba da su sun sauya. Numfashi 40 a minti a wurin babba tashin hankali ne, a wurin jariri ɗan wata uku kuwa daidai ne. Ana kiran numfashi mai sauri idan ya kai 60 a jaririn da bai cika wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Magani kuma ba a ba da shi sai an ɗora yaro a sikeli, domin kowane adadi a kan kilo ake lissafa shi, kuma ɗigon alƙalami guda da ya kauce yana mayar da abu ninki goma. Duk lissafin da na yi sai wata ta sake yin nata daban mu gwada. Yaro ba ya faɗin inda ke masa ciwo, sai dai uwa ta ce "ba haka yake ba", kuma an gargaɗe ni tun yau cewa kada in taɓa raina wannan magana.

Alhamis, 24 ga Yuli, 2025

Na yi wata biyu ban buɗe kundin nan ba, kuma damina ce dalili. Tun da ruwa ya zauna zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin, ana kawo yara daga Soba da Maƙarfi da Kudan da unguwannin cikin gari, wasu a sume, wasu suna taune-taune, wasu tafin hannunsu ya yi fari fat saboda ƙarancin jini. Akwai ranakun da yara biyu suke gado ɗaya.

Allurar atesunet, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ta zama abin da na fi haɗawa a rana. Kwalba mai miligiram 60 ana fara narkar da ita da mililita ɗaya na ruwan da ke zuwa tare da ita, a girgiza har ta washe, sannan a ƙara mililita biyar na ruwan gishiri, kowace mililita ta zama miligiram 10. Yaron da bai kai kilo 20 ba yana karɓar miligiram 3 a kowane kilo, wanda ya kai ko ya wuce kuma 2.4, a yi a take, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24, idan ya fara iya haɗiya a koma maganin sha na kwana uku. Inda ake samun matsala shi ne allura ta biyu, wadda sau da yawa takan faɗo a tsakiyar dare, da kuma iyayen da suke ganin yaro ya buɗe ido ya nemi nono sai su ce a sallame su, gona tana jira kuma kuɗi ya ƙare. Ba na ganin laifinsu, na san abin da kwana uku a asibiti yake ci a aljihun manomi a watan da rumbu ya yi ƙasa. Amma na ga yaron da aka tafi da shi bayan allura ɗaya aka dawo da shi a kwana na huɗu ya fi da muni, saboda haka ina zama da uban, ba uwar kaɗai ba, tunda shi ne mai yanke shawara, in ce, "Baba, ka ba mu zuwa gobe war haka, kada kuɗin da ka riga ka kashe ya tafi a banza."

Abu biyu nake maimaita wa iyaye mata har muryata ta dushe. Idan yaro yana taune-taune a kwantar da shi a gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo domin yana iya shaƙewa. Na biyu, maganin rigakafin maleriya da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a kowane wata na damina, na kwana uku ne, ba na ranar da masu rabawa suka zo kaɗai ba.

Laraba, 20 ga Agusta, 2025

Daren jiya aka bar mini ɗakin. Sistar da muke tare an kira ta ta taimaka a wani sashe, ta ce in aika idan abu ya fi ƙarfina, ya rage ni da wata ɗaliba 'yar aji biyu da yara 19.

Wajen ƙarfe ɗaya na rataya wa wata yarinya 'yar shekara uku jini, na auna ta kafin a fara, na zauna a gefenta minti 15 na farko, domin a lokacin ne jiki ya fi nuna ƙin jinin idan zai ƙi, na kuma rubuta lokacin da dole ledar ta ƙare, tunda jini ba ya wuce awa huɗu a rataye. Ƙarfe biyu da rabi wata uwa ta taɓa ni ta ce ɗanta "ba haka yake barci ba". Takardarsa ta nuna an auna shi awa ɗaya da ta wuce komai daidai. Na je na tarar da shi ya yi laushi, jiki ya yi sanyi, na tsunkule shi da ƙyar ya motsa. Na auna sukari na ga 1.9. Na aika ɗalibar ta kira likita da gudu, na lissafa ruwan gulukos mai kashi 10 cikin ɗari, mililita 5 a kowane kilo, nauyinsa kilo 11, mililita 55 ke nan. Likita ya iso ina gama zuƙa, ya duba lissafin ya ce in tura. Kafin mu gama yaron ya buɗe ido ya fasa kuka, uwar ta faɗi ta yi sujada a kan siminti.

Da asuba ina duba takardun awo na ga ɗalibar ta rubuta numfashi 30 ga yara huɗu a jere. Na ja ta gefe inda ba mai ji, na tambaye ta ko ta ƙirga, ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ƙanwata, ɗauko agogonki mu je tare." Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, uku suna nan kusa da abin da ta rubuta, na huɗun kuwa, ɗan shekara biyu, 46 ne, ga ƙasan ƙirjinsa yana faɗawa. Muka sa masa oksijin, likita ya dawo, kuma da safe aka yanke shawarar tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ƙarfe takwas na miƙa aiki. Na fara da yaron da za a tura Shika, sai mai sukari da lokacin da za a sake auna shi, sai mai ƙarin jini da ta gama ƙarfe 4:20 ba tare da matsala ba, sannan sauran. Minti 12 ya ɗauke ni. Matiron tana tsaye a baya tana saurare, ba ta yi tambaya ko ɗaya ba, sai da na ɗauki jakata ta ce ta saka ni a jerin masu riƙe dare na watan gobe. Kanular jarirai har yanzu rabi nake samu, kuma na roƙi a haɗa ni da Sistar da ta fi kowa hannu a kanta a aikin yamma na mako mai zuwa.